Mujiyar Rumbun Inna Habsu

Yaran da ke zuwa shagona a Konni da wayoyinsu suna da tambaya guda da ba sa gajiya da ita: "Baba Sa'idu, mi yas sa gefen hotunanka dut duhu?" Wasu ma ba sa tambaya, sai dai in ga sun je sun kwaikwaya. Su ɗauki abokinsu a bakin tasha da rana tsaka, su baƙanta kusurwoyin hoton, su ce wai salon Baba Sa'idu ne. Nakan yi dariya in ƙyale su. Amma yau na ce bari in zauna in rubuta amsar, don in na ɗauko ta da baki ba sa bari in kai ƙarshe. Waya na yin ƙara sun miƙe.

Ni dai ba da mujiya na fara ba. Babu mai hankalin da zai ce wa mahaifinsa zai tafi koyon ɗaukar hoton mujiya a ƙasar nan. Na fara ne a wurin Baba Rashidi, wani Bayarabe da ya tsufa a Konni har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shagonsa na bayan kasuwa, ɗaki biyu: na gaba mai labule da zanen jirgin sama, inda mutane ke tsayawa a ɗauke su, da na ciki, ɗakin duhu, mai jan ƙwan lantarki guda ɗaya da kwanoni uku na ruwan magani. Shekarata ta farko ban taɓa kamara ba. Shara, ɗiban ruwa, ɗauraye hotuna, shanya su a igiya kamar wankin jarirai. Ku da kuke danna waya sau hamsin ku zaɓi ɗaya, ku sani cewa a lokacin fim ɗaya ƙidayayye ne, in ka ɓata guda sai ka yi bayani.

A ɗakin duhun nan na koyi abin da har yau nake ci da shi. Ana sa fim a injin faɗaɗawa, haske ya ratso shi ya sauka a kan takarda. Inda haske ya daɗe, nan ne zai yi duhu. Inda ka tare da hannunka, nan ne zai fito fari. Baba Rashidi yakan karkaɗa yatsunsa a ƙarƙashin hasken kamar mai barbaɗa gishiri, yana ƙirga a bakinsa, sai ka ga fuskar da hula ta rufe ta fito sarai. Na yi wata da watanni ina kallon hannun nan kafin nawa ya fara ji.

Aikin farko da aka ba ni in gyara ni kaɗai, hoton wani dattijo ne Bagobiri da ya zo ɗaukar na katin ɗan ƙasa. A lokacin da fensir mai tsini ake gyaran fuska, a kan fim ɗin kansa. Ni kuma ina so in burge, na zauna na bi fuskar nan layi-layi, na share tamoji, na wuce na share har da tsagarsa. Da ya zo karɓa ya juya hoton sama, ya juya ƙasa, ya miƙo mini.

"Yaro, wanga ɗan wa na? Ni dai ba ni ba na."

Baba Rashidi bai dake ni ba, ko da yake na so ya dake ni a huta. Ya sake ɗaukar dattijon, ya ba shi haƙuri, sannan ya kira ni ciki ya ce, "Sa'idu, gyara daban, canji daban. Abin da babu a hoto kada ka sa shi. Abin da ke ciki, ka fito da shi duka." Na riƙe maganar nan shekara talatin da wani abu kamar karatun allo. Rabinta gaskiya ne har gobe. Ɗaya rabin shi ne abin da zan ba ku labari.

Bayan rasuwarsa na buɗe nawa shagon. Na ɗauki amare, na ɗauki alhazai, na ɗauki 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, aji-aji, na ɗauki raguna ma, don akwai masu son a ɗauke su da ragon layyarsu. Sai waya mai kamara ta shigo, kowa ya zama mai hoto. Biki ya daina nemana. Abin da ya rage mini hoton takardun buro ne, wato na ofisoshin gwamnati, fuska huɗu a takarda ɗaya, kada ka yi murmushi, ɗaga haɓa. Ina cikin wannan zaman ne wani ma'aikacin gandun daji ya ba ni aikin ɗaukar tsofaffin itatuwan gawo a gonakin Tsarnawa, wai za su sa a rahoto. Rana ta uku da hantsi na ji ƙananan tsuntsaye sun cika wata bishiya da ihu, suna kai bara suna dawowa. Na ɗaga kai don in ga maciji. Sai na ga wani abu toka-toka manne da jikin icen, ido a lumshe, da ƙyar za ka raba shi da ɓawon. Mujiya ce, babba, mai gashi biyu a ka kamar kunnuwa. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta mayar ta rufe. Gaskiya sai da na yi a'uzubillahi, don da haka aka rene ni. Sannan na ɗauka. Hoton bai yi ba. Washegari na koma.

To ga aikin, ga masu cewa ai sai ka je daji ka danna. Mujiya ba a nemanta a sama, a ƙasa ake nemanta. Ka bi gindin kuka ko tsamiya ko bakin kogon dutse kana duba farin kashi kamar an watsa farar ƙasa. In ka ga wannan, ka duba wasu dunƙule-dunƙule masu launin toka, kamar girman babban yatsa. Amanta ne. Takan haɗiye ɓera gaba ɗaya, sai ta dawo da gashin da ƙasusuwan a dunƙule. In ka fasa ka ga ɗanye ne, to maigidan na sama. Kada ka ɗaga kai nan take. Ka wuce kamar mai neman akuya, ka je nesa, sannan ka juyo a hankali. Makiyaya sun fi kowa sanin inda take, kuma ba sa tsoronta kamar mu mutanen gari. Kofin shayi ɗaya da Bafulatani a gindin ice ya fi mini yawon kwana uku.

Kayan aikina ba su da yawa. Kamara da dogon gilashinta da muke ce wa zum, wanda na sayo na hannu. Ƙafa uku ta ɗora kamara, don hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cak in haske ya yi ƙaranci. Zana guda ɗaya da nake naɗewa in ɗaure a bayan moto, wato babur ɗina, in kafa ta in zauna a bayanta, na huda rami daidai bakin gilashi. Riga mai launin ƙasa. Buta. Filas kuwa, wannan fitilar da kuke haska mutane da ita a biki har su yi ta ƙifta ido, a gida nake barinta. Wanda ya haska idon mujiya da filas ya sami hoto ɗaya ya rasa tsuntsuwa, wani lokaci ma ta bar 'ya'yanta. Lokutan aikina biyu ne: bayan sallar asuba kafin rana ta fito, da tsakanin faɗuwar rana da rufewar duhu. Kowanne bai kai tsawon shan shayi biyu ba. Sauran duk jira ne, da sauro, da ƙafa da ke mutuwa a ƙarƙashinka ba ka da damar miƙe ta.

Masu saye kuma iri-iri ne. Akwai malaman lakwal da ke son na koyarwa. Akwai mutanen proje, ƙungiyoyin nan na raya karkara, da ke buga kalanda. Akwai baƙi masu rubutu a kan tsuntsaye, waɗanda za su tambaye ka ranar da sa'ar da irin icen, har ka gaji. Akwai kuma wani iri, da ke shigowa da sallama mai tsawo, ya yaba hoto, ya yaba hoto, sannan ya rage murya ya ce, "Malam, a ina take?" Waɗannan masu haɗa magani ne, kai da ido da farce suke so. Nakan ce musu a daji take. In sun ce wane daji, in ce na Allah. Da haka na ɗauka na iya riƙe sirri, tunda bakina bai taɓa kai kowa gindin ice ba.

Inna Habsu na haɗu da ita ne a kasuwar Badaguishiri. Tsohuwa ce mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, gajera, ba ta da yawan magana, tana zama a wuri ɗaya duk ranar kasuwa. Ranar ina tsaye kusa da ita ina nuna wa wani makiyayi hoton farar mujiya, irin mai fuska kamar an kifa ƙaramar ƙwarya, ina tambayarsa ko ya san inda irinta take. Matan da ke wurin suka leƙo, suka ja da baya suna tofe-tofe. Ita kuwa Inna ta ci gaba da ƙulla ƙulinta. Sai da na tsuguna sayen ƙuli, tana ƙulla mini, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ɗana, in ka ɗauke su, mi kaka yi musu?"

Na ce, "Ba komai, Inna. Kallo kawai."

"Ba ka kashewa?"

"Ko taɓawa ba na yi."

Ta ƙara mini ƙuli biyu gyara, ta faɗa mini sunan ƙauyensu, wanda ba zan rubuta ba, ta ce in na zo in tambayi gidan mai ƙuli na ƙarshen gari.

Gidan nata shi ne na ƙarshe ta gabas, bayansa gonaki ne. Mijinta ya rasu, maginin rumbu ne, 'yarta guda tana aure a Illela. A bayan gidan akwai rumbunan laka biyu, ɗaya tana zuba gero da gyaɗa a ciki, ɗayan tsoho ne, gefensa ya fashe daga sama, ba a amfani da shi. A nan mujiyoyin suke. Ta ce shekara huɗu ke nan suna zuwa bayan kaka su yi ƙwai. Tun da suka zo ɓera bai sake taɓa mata gyaɗa ba. Da asuba takan share aman da kashin ta binne kafin kowa ya tashi, in an ji kukansu da dare kuma a ce daga daji ne.

Ta ce, "Malam maigidana kamin shi rasu ya ce in bar su, baƙi na. Ni kau na bar su. Amma ka san mutanenmu. Tsohuwa ita ɗai, ba miji, ba ɗa namiji, ga mujiya bayan ɗaki. Ka san sunan da za a ba ni."

Na ce na sani.

"To bakinka, ɗana. Kada kowa shi ji."

Na ce, "Inna, ko matata ba za ta ji ba." Kuma ba ta ji ba. Wannan alkawarin na cika shi.

Na yi ta zuwa kusan wata guda. Da rana ina ɗaukar matan wata ƙungiya ta garin hoton kati, don a san abin da ya kawo ni, da yamma in zaga ta gona in kafa zanata a cikin karan dawa da aka jingine. Kwanaki da yawa ba abin da na samu sai baƙin rami. Wata rana farar fuska ta leƙo ta koma kafin in taɓa kamara. Sai wata yamma, rana ta faɗi, ladan bai kira ba tukuna, uwar ta fito ba ko motsin fiffike, ta yi ƙasa-ƙasa a kan gona. Ban gama gyara zama ba ta dawo da ɓera a baki, ta sauka a bakin fashewar, ta juyo ta dubi inda nake. A bayanta wani ɗan kai fari kamar auduga ya leƙo. Na danna sau uku. Na ukun ta riga ta shige. Na zauna a wurin, sai da na ji an tayar da salla sannan na tuna ban yi alwala ba.

Yanzu ga gyara, wanda kuke cewa ai danna-danna ne. Ɗanyen hoton da na zuba a kwamfuta kusan baƙi ne, sai fuskar uwar da ke ɗan fari a tsakiya. Irin wannan in ka ɗaga haskensa gaba ɗaya sai ya cika da tsaki-tsaki, kamar an watsa masa gari. Don haka a hankali ake bi, wuri-wuri, daidai yadda Baba Rashidi ke yi da yatsunsa, sai dai yanzu ba warin magani. Na fara da ido, don in idon tsuntsu bai fito ba ka yar da hoton. Na rage shuɗin da magariba ke zuba wa farin gashi, na mayar da shi yadda na gan shi. Na share tsakin ba tare da na goge zanen gashin ba, wanda shi ne wurin da yawancinku ke faɗuwa, ku mayar da tsuntsu kamar na roba. Na fito da ɗan da ke bayanta. Na fito da jelar ɓeran. Da a nan na tsaya, da Inna Habsu ba ta bar gidanta ba.

Amma sai na ce bari in ga abin da ke cikin duhun gefe. Na ja hasken kaɗan. Sai bangon rumbun ya fara fitowa, jan laka mai kyau, da tsagoginsa. Na ƙara. A dama da ramin sai ga tafin hannu uku a jere, an danna su a laka tun tana ɗanya, a samansu kuma an manna wani ɗan faranti shuɗi. Ni a wurin ban ma lura da su ba, idona na kan rami. Wallahi daɗi ya kama ni. Ga tsuntsuwar da ake gudu, ga hannun mutum a gefenta. Na ce wannan shi ne hoton da na yi shekaru ina nema. Ban sa abin da babu ba, na fito da abin da ke ciki duka, kamar yadda aka koya mini. Na buga shi babba, na sa a gilashi, na rataye a shago daidai inda mai shigowa zai fara gani.

Bayan kamar sati uku wani magidanci ya zo hoton kati. Yana gyara hula ya tsaya yana kallon bango. Ya ce, "Malam, ina na nan?" Na ba shi amsata ta kullum, na ce dajin Allah. Ya yi murmushi, ya ciro waya ya ɗauki hoton hotona. Ni kuwa har na matsa masa don haske ya isa. Ban san daga ƙauyen yake ba. Ban kuma san cewa duk rumbun da mijin Inna Habsu ya gina tafin hannu ɗaya yake sa masa ba, nasa na gida kaɗai ya sa wa uku da faranti. Duk yaron garin ya san wannan.

Ranar kasuwa ta zagayo na je Badaguishiri, wurinta ba kowa. Na tambayi mai daddawar da ke kusa da ita, ta kawar da kai ta ce ba ta sani ba. Yadda ta faɗa ne ya sa na hau moto.

Na tarar da tsohon rumbun a ƙasa, tulin laka. A sanyin shekarar yara biyu sun rasu a unguwar, da zazzaɓin nan mai sa yaro sanƙarewa, wanda tsofaffi ke cewa tsuntsu ne ya gifta ta kansa. Ana cikin zaman makokin na biyun hoton ya shiga wayoyin gari. Samari suka zo da gatari da tabarya. 'Ya'yan huɗu ne a ciki, ba wanda ya kai tashi. Uwar ta tsere. Ita Inna ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ma ya faɗa mata kalmar a fuska. Sai dai ƙulinta ya kwana a faranti. In ta nufi rijiya mata su tuna sun bar tukunya a wuta. Uwa ta fizge ɗanta in ya bi ta ƙofar gidan. An yi suna a maƙwabta ba a aiko mata ba.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar da ba mai sayen manta. Na tsuguna, na ce, "Inna, wallahi ban faɗa wa kowa ba."

Ta ce, "Na sani, ɗana. An gwada mini hoton. Ya yi kyau."

Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, har yau in na tuna sai na ji ta.

Na yi abin da na iya. Na tona cikin tulin lakar na cika leda da aman mujiya, na je wurin maigari na roƙi ya kira liman da dattawa. A gabansu na farfasa dunƙulen a kan tire, ɗaya bayan ɗaya. Kan ɓera, haƙoran ɓera, ƙashin ɓera. Na ce ga abin da take ci, ga abin da ya sa gyaɗar tsohuwar nan ke kai wa damina. Na ce ni na roƙe ta, ni na ɗauka, ni na rataye. Liman mutumin kirki ne, ya ce camfi ne, rai da mutuwa na Allah ne, kuma ranar Juma'a ya faɗa a masallaci da babbar murya. Maza suka gyaɗa kai. Maigari ya sa samarin suka je suka ba ta haƙuri, suka tsuguna a ƙofar gida suna kallon ƙasa. Amma ba maza ke sayen ƙuli ba, ba su ke zuwa rijiya ba. Uwar da ta binne ɗanta kuma ba da tiren ƙasusuwa za ka yi mata magana ba, ni ma ban yi ƙarfin halin gwadawa ba. Kafin ruwan farko ya sauka surukinta ya zo da amalanke ya kwashe ta zuwa Illela. Gidan da ta shiga tana amarya ta fita daga cikinsa da kwalla biyu da tabarma kawai.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a, ba shekarar da waya ta kwashe mana biki ba. Na sauke hoton na juya fuskarsa ga bango. Mutanen kalanda da suka taɓa ganinsa sun aiko sau biyu, na ce ya lalace. Zanata ta yi shekara a naɗe har gara ta fara cinta. Na koma ɗaga haɓa, kada ka yi murmushi.

Sai bayan kaka ta zagayo na iya zuwa Illela. Na cire hoton daga gilashi na naɗe shi, da niyyar in ba ta ta sa a murhu da hannunta. Na same ta a wani ɗan ɗaki a gidan surukin, ta rame, tana tsinkar zogale. Muka gaisa, ta tambayi iyalina ɗaya-ɗaya. Na warware takardar a kan tabarma na danne kusurwoyin da takalmana.

Ta daɗe tana kallo. A waya kawai ta taɓa ganinsa, ƙarami. Ta ce, "Ashe haka idonta yake. Shekara huɗu muna zaune, ban taɓa haska ta ba." Sannan ta kai hannu dama, ta wuce tsuntsuwar, ta ɗora tafinta a kan tafin nan na tsakiya. Nata ya fi ƙanƙanta. Ta bar shi a wurin.

"Hannun Malam na. Ranar da yag gama ginin nan ni na riƙa mishi farantin."

Na ce, "Inna, na kawo ne ki ƙona."

"In ƙona mi? Sun rushe rumbun. Shi kau bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Wanga ɗai ya rage." Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Amma ba ni iya aje tsuntsuwar nan gidan mutane. Kana da reza?"

Ina da ita a jaka. Na ɗora hoton a kan murfin kwalla, na sa muciya ta zama mini magwaji, na yanka daga sama har ƙasa, tsakanin fiffiken mujiya da ɗan yatsan farko. Ta karɓi nata ɓangaren, hannu uku da faranti, ta naɗe a ɗankwali ta sa a ƙasan kwalla. Ta miƙo mini ɗayan.

"Tahi da baƙuwarka. In ka koma ɗaukarsu, ka bar musu duhunsu."

Na koma, bayan wani lokaci. Har yanzu ina fita da asuba, ina da wurare a duwatsun Malbaza da cikin kwari da ba wanda zai ji su a bakina. Ido nake fitarwa, da gashi, da farce. In na zo gefe, inda reshe mai alama yake, ko bakin rijiya, ko katangar wani, sai in ɗauke hannuna in bar shi yadda magariba ta bar shi, wani lokaci ma in ƙara masa. Kafin in buga kowane hoto nakan zauna in dube shi da idon mutumin ƙauyen da ya zo hoton kati.

Inna Habsu ta rasu a Illela, ba ta sake komawa garinsu ba. 'Yarta ta ce mini sun tarar da takardar a ƙasan kwalla, gefenta ya yi laushi don yawan taɓawa. Nawa ɓangaren yana cikin aljihun teburin da kuke jingina a kai kuna tambayata salo. Wanda ke so ya gani ya zo in buɗe masa, amma ya bar wayarsa a waje.